Injin Da Lawal Ya Haɗa A Ƙuryar Gida

Yayana Lawal, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin abu a duniya ya ce bai iya ba. In ka nuna masa agogo, sai ya ce ya taɓa gyara wa wani Bature irinsa. In jirgin sama ya wuce ta kan Keffi, sai ya karkata kunne ya ce matuƙin bai iya sa giya ba. Tun da muka binne shi a daminar da ta wuce, duk wanda ya zo mini gaisuwa da addu'a yake farawa, ya ƙare da labarin inji. To, tunda kowa yana ba da shi da ƙari, ga yadda aka yi.

Lawal masinja ne a wani ofishi. Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, abokan aikinsa suka sayi keke da rediyo, masu zuciya suka sayi babur. Lawal ya ce shi ba yaro ba ne. Ya tafi wurin gwanjo ya sayo akori-kura shuɗiya, jikinta sumul, tayoyinta lafiya. Aibinta guda ne, injinta ya buga. Da turi aka kawo ta ƙofar gidansa a unguwar Liman Abaji, yana ciki riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu, aka ajiye ta a gindin mangwaro.

A lokacin an riga an sa ranar bikin 'yarsa ta fari, Zubaidatu, da wani malamin makaranta a Panda mai suna Husaini. Waliyyin ango kuwa Abubakar ne, ɗan kawunmu, dillalin doya. Shi da Lawal abokan wasa ne, tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su ci fuskar juna ba.

Wata ranar kasuwa Lawal ya je garejin Zakka makanike, nan gefen tasha, ya tarar da Abubakar ya kawo tasa tsohuwar akori-kurar tana tari. Zakka ya ja Lawal gefe ya yaye wani buhu.

"Malam Lawal, sa'arka ce. Ga inji daidai motarka. Da hannuna na yi masa garambawul, sabbin zobba, sabon gasket. Ka saya in ɗora maka, ka tuƙa abarka ka tafi gida."

Lawal ya zaga injin ya taɓa shi da bakin takalmi.

"Daga ina ya fito?"

"Daga wata mota da ta faɗi a hanyar Akwanga. Jiki ne ya lalace, injin ko ƙwarzane."

"Wato injin da ya ga hatsari. Ai ya riga ya tsorata. Duk sanda ya hango kwana sai gabansa ya faɗi. Ka san abin da ke cikinsa?"

"Ba ni na haɗa ba?"

"To ni ban sani ba. Injin da ban ga hanjinsa ba ba zai ɗauki iyalina ba. Nawa zan haɗa da kaina, daga noti har fistan."

Abubakar ya fito da kai daga ƙarƙashin bonet.

"Kai ɗin? A ina ka koya?"

"Shekarun da na yi a injin niƙa fa?"

"Injin niƙan da aikinka zuba dawa a mazurari? Har yau ina tuna ranar da ya ci maka hula."

'Yan kamasho suka fara matsowa, don sun ji ƙamshin rigima. Abubakar ya goge hannu ya ce, "Ka ga, ɗan gwaggo, ka yi wasanka da ƙarfe yadda kake so. Ranar biki dai mu dangin ango za mu kawo motar ɗaukar amarya, kamar yadda aka saba."

Lawal ya dubi taron, ya ga idon kowa a kansa, sai ya ɗaga murya yadda har masu sayar da rake a bakin tasha za su ji.

"Ku riƙe motarku. Yarinyar nan a motata za ta shiga Panda, da injin da na haɗa da hannun nan. Kowa ya shaida."

Kowa ya shaida kuwa. Daga ranar sunansa a tasha ya koma Injiniya, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Abin da ya fara yi shi ne neman wurin aiki. A ganinsa ba rashin mai ne ya kashe injin farko ba, bakin mutane ne. Saboda haka sabon ba zai ga ido ba sai ya kammala. Ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, ya zaɓi ɗakin ajiyar matarsa Huraira da ke can ƙurya, inda take tara gyaɗa da kayan ɗakin amarya, mai wata 'yar ƙofa da mutum mai jiki sai ya karkace zai shiga. Ya ɗauki gawayi ya sake zana "Ba Shiga" a bangon zaure, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Sai yawon tara kaya. Ya cire abin da ya ciru daga tsohon injin. Ya je Nasarawa ya samo fistan a jikin wata mota da kaji ke ƙwai a cikinta. Ya je Akwanga ya dawo da kabireta a aljihun babbar riga. Fistan ɗaya ya ƙi shiga raminsa, ya kai wa maƙeri ya ci shi da zarto har ya shiga yana lilo. Gasket kuwa, ya ce na kanti takarda ce kawai, ya sa baduku ya yanka masa na fata. Kullum da yamma sai a ga ya shigo da abu a ƙunshe cikin tsumma, yana waige-waige kamar mai satar kaza.

Sirrin ya riƙu sosai, in ban da cewa babbar ƙawar Huraira ita ce Maman Ezra, matar Zakka, wadda kullum tana cikin gidan. Duk notin da Lawal ya ɗaure da rana, kafin magariba an san da shi a tasha.

Wata rana Huraira ta shiga ɗibar gyaɗa ta tsaya cak.

"Malam, waɗannan fa kwanukan yarinyar nan ne. Na jere."

"Aro na yi."

"Kananzir ka zuba a ciki!"

"Kananzir wanki yake yi. Kin taɓa ganin kwano yana ƙyalli haka? Mai furen ja na fistan ne, mai furen kore na noti. Kada ki haɗa mini su."

"Dangin miji su buɗe kwano su ji warin gareji?"

"Su san daga gidan ilimi ta fito."

Zubaidatu ta jira ranar da ya ci tuwo ya ƙoshi, ta zo ta durƙusa nesa da tabarmarsa.

"Baba, wai da an bar su Kawu Abubakar sun kawo motar."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Baba, mutanen Panda in amarya ta zo musu da abin dariya, sunan da suka sa mata ranar shi ke nan. Akwai wadda jaki ya kayar ranar da aka kai ta. Ta yi furfura, har yau Ta-Jaki ake ce mata. Ni can zan zauna, Baba."

Lawal ya yi murmushi irin na wanda ya hango abin da yara ba sa hangowa.

"Ke kwantar da hankalinki. 'Yar Injiniya za su ce miki."

Ana saura kaɗan biki ya ɗaure noti na ƙarshe, ya ja da baya ya dubi aikinsa. Inji ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar ɗan maraƙi. Sai dai kwano guda ya rage cike da ƙarafa da ba su sami wurin zama ba. Huraira ta leƙo ta gani.

"Waɗannan fa?"

"Ƙarin Turawa ne. Suna cusa abin da ba shi da amfani don inji ya yi nauyi su tsawwala kuɗi. Ni na gano su."

Ta sa hannu ta zaro wani lanƙwasasshen bututu mai faffaɗan baki da rariya a jiki. Ta juya shi, ta gwada riƙonsa.

"Wannan zai yi tsamar ƙosai."

"Ɗauki, na ba ki. Kin ga amfanin auren mai sana'a."

Ta dafa shi da toka, ta dirje shi da sabulu, ta rataye a madafa.

Ranar lalle gida ya cika da mata, na Keffi da na ƙauye, kowa ƙafa a ɗaure cikin ganye da tsumma. A ranar Lawal ya ga ya dace inji ya fito. Ya rafka sallama, ya ratsa su kansa a ƙasa, ya shiga ɗakin ajiya. Ya auna injin da taƙi. Ya auna ƙofa. Ya sake auna injin, wannan karon yana ɗan miƙe yatsu. Ya sake auna ƙofa yana ɗan tanƙwashe su. Duk da haka ƙofa ba ta kai ba. Gunduwa-gunduwa ya shigo da shi, bai taɓa tunanin a dunƙule zai fita ba.

Huraira ta ce, "Sai ka kwance shi."

Lawal shi kansa bai tabbata zai iya mayar da shi yadda yake ba.

"Ba a kwance inji bayan ya saba da kansa. Zan kirawo 'yan dako daga tasha su fasa ƙofar su ɗauke shi."

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a kan turmi tana jin su. Ita ce uwar biki, kuma ita kaɗai ce Lawal ke tsoro a duniya.

"Kai Lawal, matan mutane cike da gida, ƙafa a ɗaure, ka kwaso mana ƙartin tasha? Ba kai ka rubuta Ba Shiga ba? Har da layi biyu, an karanta mini."

"Gwaggo, larura ce."

"Larurarka. Ƙato ɗaya ya taka zauren nan sai na tattara matan nan mun koma gidana da bikin."

Maman Ezra ba ta sa lalle ba, don ita ke kula da tukwane. Ta miƙe ta ɗaure zani a ƙugu.

"Injiniya, matsa gefe. Mu da muke ɗauko itace daga bayan gari, wannan ɗan ƙarfen ne zai gagare mu? Ku miƙo taɓare."

Mata suka kama bakin ƙofa da duka kamar masu sussuka, suna waƙar daka, ƙasa tana zuba. Lawal yana tsalle a bayansu yana cewa a yi a hankali, kada ƙura ta shiga kabireta. Kafin a jima ƙofar da mutum ke karkacewa ta zama wadda sa zai shige da ƙahoninsa. Suka kwantar da taɓaren a ƙasa, suka mirgina injin a kai, wasu na ja wasu na turi, har bakin zaure. Nan Lawal ya tare hanya.

"Ba zai fita tsirara ba. Akwai idanu a waje. A rufe shi."

Aka duba babu buhu kusa. Wata ta warware mayafinta ta lulluɓa masa. Da mata suka ga abu lulluɓe cikin mayafi ana fita da shi a hankali, sai wata tsohuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Sauran suka amsa. Mazan da ke zaune a gindin mangwaro suka miƙe tsaye, a zatonsu amarya aka fito da ita tun kafin a ɗaura aure. Abubakar, wanda ya iso daga Panda da goron biki, ya matso ya ɗaga gefen mayafin ya leƙa.

"Masha Allah. Husaini bai gaya mana tana da jiki haka ba. Ga kunya, ko uffan. Ɗan gwaggo, sai mun sayi baki?"

"Gobe za ka ji muryarta," in ji Lawal. "Ka zo da auduga ka toshe kunne."

Washegari da safe aka ɗaura aure. Uban amarya ya zo a makare, ya zura babbar riga a kan kayan aiki, duk wanda ya yi musafaha da shi sai ya koma yana neman inda zai goge hannu. Ana shafa fatiha ya tuɓe rigar ya koma gindin mangwaro. Ya jefa igiyar guga a kan reshe, 'yan dako suka ja injin sama, aka turo motar ƙarƙashinsa. Lawal yana cewa, "Sannu-sannu, dama kaɗan, hagu kaɗan," sai reshe ya ce ƙaras. Inji ya faɗa cikin mota da ƙarar da ta tashi tantabarun unguwa, ɗanyun mangwaro suka zubo a kan baƙi.

Lawal ya leƙa, ya ɗago yana murmushi.

"Kun gani? Da kansa ya zauna. Ya san gidansa."

Ya wuni yana ɗaure-ɗaure. Inda rami bai hau kan rami ba ya sa waya. Ya ɗura baƙin mai har wuya. Wani ya ce ya tayar a ji kafin a ɗora amarya, ya ce tashin farko ba na gwaji ba ne, na tarihi ne.

Bayan la'asar aka loda gado da katifa da kwanukan jere a baya, ƙawayen amarya suka hau kai. Aka fito da Zubaidatu a lulluɓe, aka sa ta a gaba, Gwaggo a gefenta. Sai ga Lawal ya buɗe ƙofar direba.

Gwaggo ta ce, "Ina za ka? A ina ka taɓa ganin uba ya kai 'yarsa ɗakin miji?"

"Ba uba ne zai je ba, Gwaggo. Injiniya ne. Ba wanda ya san halin injin nan sai ni."

A daidai lokacin Zakka ya iso kallo. Ya biya ta wurin matarsa, wadda ta kafa kasko a gefen zaure tana soya wa baƙi ƙosai, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, sai idonsa ya sauka a kan abin da take tsamewa da shi.

"Maman Ezra, ina kika samo wannan?"

"Na Huraira ne. Mijinta ya ba ta. Ka ga yadda yake tsane mai?"

Zakka ya fizge shi ya ruga, man gyaɗa yana ɗiga, ƙosai ɗaya yana zaune a cikin rariyar.

"Malam Lawal! Tsaya! Kada ka tayar! Wannan shi ke zuƙo baƙin mai daga ƙasa ya kai sama. In babu shi ƙishi zai kashe injin!"

Lawal ya leƙo ta taga ya dubi jama'a.

"Kun ga hassada ko? Na ƙi sayen injinsa, yau ya zo zai tsayar da bikin 'yata da matsamin ƙosai."

"Wallahi na cikin inji ne!"

"Na cikin kasko ne. Ga shaida nan a kai."

Ya sa yatsu ya ɗauke ƙosan ya jefa a baki, ya ce a tura.

Batir ba shi da ƙarfi, saboda haka samarin unguwa suka kama turi. Mota ta gangara, Lawal ya saki kuloci. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi shiru. Aka sake turawa. A karo na gaba ta yi wata irin ƙara kamar bindigar maharba, salansa ta fesar da baƙin hayaƙi haɗe da gyaɗa, don ɓerayen ɗakin ajiya sun daɗe da mayar da bututun hayaƙin rumbunsu. Duk abin ya sauka a kan farar rigar Abubakar, wanda ya tsaya a baya yana dariya. Amma injin ya tashi. Wallahi ya tashi. Yana rawa, yana kaɗa motar kamar mai zazzaɓi, amma yana juyawa.

Unguwa ta ɗauki sowa. Mata suka yi guɗa. Lawal ya ji duniya ta dawo tafin hannunsa. Ya leƙo ya ce wa Abubakar, "Ka ji muryarta? Gyaɗar tukwici ce, ka tsince."

Da ya kama hanyar Panda kai tsaye, da abin da zai faru ya faru a bayan gari inda ba kowa sai shanu. Amma a tasha ya yi alkawari, kuma yana son tasha ta gani. Ya karya sitiyari ya bi ta kasuwa, yana danna ham, yana ɗaga hannu hagu da dama.

Ba su yi nisa ba wani sauti ya fara fitowa daga gaba, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Gwaggo ta ce, "Lawal, wa ke daka a cikin nan?"

"Ƙarafa ne ke gaisawa, Gwaggo. Ba su san juna ba, daga garuruwa daban-daban suke."

"To gaisuwar ta fara zama faɗa. Kuma ina jin ƙauri kamar ana babbakar kan rago."

Fatar baduku ce ta fara gasuwa. Lawal ya ƙara taka mai don ƙarar inji ta rufe dakan. Suka shigo tasha da gudu, hayaƙi na bin su, 'yan kamasho da direbobi da masu rake suka taso. Lawal ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya cire hula yana kaɗawa. Daidai tsakiyar fili injin ya yi wani kuka mai tsawo, ya buga dam, motar ta tsaya cik har kwanukan jere suka kife a kan ƙawayen amarya. Wani guntun ƙarfe ya huda gefen injin ya faɗo ƙasa, ya gangara a hankali, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar garejin Zakka.

Sai ham ya maƙale. Da yake batir ya gaji, kukan ya fito kamar na akuyar da aka ɗaure a rana, yana kiran duk wanda bai riga ya zo ba.

Wani ɗan kamasho ya daki gefen motar ya ɗaga murya. "Panda! Panda! Saura inji ɗaya ta tashi!"

Tasha ta kece da dariya. Wani ya ce a kawo dawa a gwada, ko niƙa zai yi. Wani ya ce a kira matan jiya su mayar da shi ɗaki. Lawal ya fito ya buɗe bonet, hayaƙi ya turnuƙe shi, ya fara bayani a kan man fetur na zamanin nan da ake haɗawa da ruwa. Yana cikin bayanin ya ji wani sauti a ƙarƙashin kukan ham. Zubaidatu ce ke kuka cikin mayafi. Mutane sun ɗauka kukan amarya ne na al'ada. Shi ya san ba shi ba ne. Ya fizge wayar batir, ham ya yi shiru, shi ma ya yi shiru. Tun da aka haife shi ba a taɓa ganin bakinsa a rufe a gaban taro ba sai ranar.

Ana haka sai ga wata akori-kura ta shigo tasha, injinta yana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Abubakar ne, rigarsa dabbare-dabbare da baƙi, Zakka a gefensa riƙe da matsami.

Lawal ya karkata kunne. "Wannan ba tsohon injinka ba ne."

"A'a. Matsoracin nan ne na hanyar Akwanga. Da ka ƙi shi na ce bari in taimaka masa. Har yanzu dai bai ga kwanar da ta kayar masa da gaba ba." Ya buɗe ƙofa. "A sauko da amarya ta shigo nan, rana tana faɗuwa."

Gwaggo ta leƙo ta taga.

"A sauko da wa? A tsakiyar tasha, gaban ƙartin duniya, kamar buhun doya? Daga ɗakin uwarta ta shiga motar nan, ba ta taka ƙasa sai ƙofar mijinta. Ku san yadda za ku yi."

Abubakar ya dubi Lawal, Lawal ya dubi ƙasa. Sai Abubakar ya zagaya bayan motarsa ya jawo igiyar da yake ɗaure doya da ita.

Zakka ya ƙulla igiyar. Lawal ya koma mazauninsa ya kama sitiyari da hannu biyu. Aka fita daga tasha ana tafi da fito. Da suka bar gari suka yi nisa kaɗan sai Lawal ya leƙo ya ƙwala wa Abubakar kira ya ce ya riƙa ja a hankali kada ya ɓata masa giya. Kafin Gitata ya fara ɗaga wa masu dawowa daga gona hannu. Kafin Panda ya gama yi wa Gwaggo bayanin cewa manyan mutane a ƙasashen waje haka ake tafiya da su, mota ɗaya ta yi wahala, ɗaya ta ɗauki daraja.

Suka isa gab da magariba. Duk garin ya fito tarye, ga mota tana jan mota, ta bayan baƙa ƙirin da hayaƙi, baƙin mai yana ɗiga daga cikinta, kwanuka suna warin kananzir. Tun kafin a tsaya Lawal ya zuro kai waje.

"Jama'ar Panda, ku faɗi gaskiya. Kun taɓa ganin motar da ta zo daga Keffi ba ta sha ko cokali ɗaya na mai a hanya ba?"

Ba wanda ya taɓa gani. Wata tsohuwa daga dangin ango ta matso tana dogara sanda, ta dubi motar, ta dubi direban, ta ce, "Ikon Allah. Wai 'yar wane ne aka kawo mana?"

Abubakar ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga aljihunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"'Yar Injiniya ce, Iya."

Yanzu Zubaidatu ta aurar da nata 'ya'yan. Ka je Panda ka tambayi gidan Zubaidatu, ba wanda zai gane. Ka ce 'Yar Injiniya, yaro ma zai kai ka. Har ya bar duniya Yaya Lawal yana kafa hujja da wannan, wai duk abin da ya faɗa wa yarinyar nan sai da ya tabbata.

Injin yana nan a gindin mangwaro, tsatsa ta cinye shi, ya zama wurin zama. Ranar sadakar bakwai a kansa Zakka ya zauna, ya tsufa, ido ya yi rauni. Aka fito da ƙosan sadaka daga cikin gida, ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya tambaye ni da me aka tsame. Na ce da matsamin nan dai na cikin inji, Huraira ba ta taɓa sauya shi ba.

Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya daki injin da tafin hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Injiniya. Duk cikin kayan nan, wanda ya bari a waje ne kaɗai ya yi aiki."